Gonar Baba a Kan Tsohuwar Ƙofa

Ko da zan tsufa har in fara rikita sunayen jikokina, akwai wata Juma'a ta tsakiyar damina da ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Ita ce ranar da karatuna kacokan ya rataya a kan wata tsohuwar ƙofa da jiƙaƙƙen buhu. Har yau in na tuna ta sai in kama dariya ni kaɗai, ko a cikin mota nake, mutane su riƙa kallona.

Lokacin ina aji biyu a jami'a a Wudil, ina karanta zanen gine-gine. Gidanmu a Utai yake, amma saboda wahalar zirga-zirga sai na kama ɗaki a cikin gari tare da wani abokina mutumin Bauchi, mai gilashi, mai shegen son gardama. Shi ya kawo mana wannan cuta. Wata rana ya miƙo mini waya ya nuna mini yadda wasu mutane a ƙasashen waje suke gina 'yar ƙaramar duniya a kan tebur, da tsaunuka da koguna da garuruwa, sannan su jera runduna biyu su gwabza yaƙin dabara. Shi yaƙin ne ya burge shi. Ni kuwa ƙasar ce ta tafi da imanina. Na ce masa wallahi sai na gina mana tamu, kuma ba ƙasar kowa zan gina ba sai tamu ta nan, da koginmu da gadarmu.

Mutanen cikin wayar suna da shagunan da ake sayar musu da komai, har da ciyawar roba. Mu ba mu da ko ɗaya, sai abin da Allah ya hore. Mai gidan da muke haya ya ba mu wata tsohuwar ƙofar katako da ke jingine a bayan gida, muka ɗora ta a kan bulo huɗu a tsakiyar ɗaki. Farin soson nan da ake samu a cikin kwalin firij na yayyanka na yi tudu da kwari. Na ɗebo yashi daga bakin kogi na yi gaɓa. Kogin kansa da bula na shafe shi, na narka ƙaro na zuba a kai, da ya bushe sai ya riƙa sheƙi har ka ji kamar ka tsoma yatsa. Gada da kara da tsinken tsire na haɗa ta, sau uku tana rushewa kafin ta tsaya. Itatuwa kuma busassun saiwoyi ne na juya su sama, na liƙa musu gutsattsarin soso da na rina kore. Sojoji dai muka ce ba za mu ƙera siffar mutum ba, muka tara murafen lemo, ja na ɗaya ɓangare, kore na ɗaya. In runduna biyu suka haɗu, sai a jefa ƙwayar ludo ta raba gardama. Wata uku na yi a kan wannan aiki, in na dawo daga lacca ko abinci ba na tsayawa ci.

Wannan ƙwayar ludon ce ta jawo mini. Wani mutumin garinmu ya zo kawo mini saƙo, ya leƙo ya ga samari huɗu sun kewaye tebur, ana jefa ƙwaya ana ihu. Bai tambaye ni komai ba, ya ajiye saƙo ya tafi. Da na je gida ranar Asabar, ina shiga zaure na ga fuskar Baba, na san an gama da ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a daƙile. Baba manomi ne, ba mai yawan magana ba, kuma bai iya kwana-kwana ba.

Ya ce, "An ce mini caca kake yi a Wudil."

Na ce, "Wallahi Baba ba caca ba ce, wasa ne na…"

Ya ɗaga mini hannu. "Ba na son rantsuwa. Ranar Juma'a zan shigo kasuwa. In an sauko daga masallaci zan zo in gani da idona. In na tarar da abin da aka faɗa mini, ni da hannuna zan farfasa shi, ka tattaro kayanka mu dawo tare. Karatun ya isa haka, ga gona nan tana neman hannu."

Duk wanda ya san Baba ya san in ya faɗi magana ta zauna. Amma ku ji irin kan da nake da shi a lokacin. Maimakon in zauna in yi tunanin yadda zan fahimtar da shi, sai na ce a raina ai abin da zai cece ni shi ne kyan aikin. In ya ga gwaninta, bakinsa zai mutu. Matsalar ita ce ɓangaren da ya fi muhimmanci bai kammala ba. Gonakin da ke gangarowa daga tudu zuwa kogi, da ganuwar garin da ke kan tudun, da yumɓu nake yin su, kuma duk lokacin da suka bushe sai su tsattsage kamar faso.

Washegari da sassafe na tafi wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta shekara fiye da talatin tana ginin tukwane. Na same ta tana murza yumɓu, na zayyana mata damuwata. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ta ce, "Ɗan nan, duk bokon naka a wasan ƙasa ya ƙare? To ai yumɓu ba a barinsa tsura. Ka samu ƙaiƙayin gero wanda aka sheƙe tas, ka cuɗa da shi. In ka gama gini ka rufe da jiƙaƙƙen buhu, kana yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana biyar, kada ka buɗe. A hankali yake son ya sha iska, mai gaggawa ba ya ginin ƙasa."

Na ji maganar buhu, na ji maganar kwana biyar, amma wannan "wanda aka sheƙe tas" ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Na koma gida na tarar mata sun gama sussuka ke nan, ba a ma kai ga shiƙa ta biyu ba. Na dumbuza daga gindin turmi na cika leda, na haye mota sai Wudil. Ɗan manomi guda, wanda aka haifa a gindin rumbu, amma ko a raina ban kawo cewa akwai tsaba a ciki ba.

A ranar na cuɗa yumɓun, ya yi laushi a hannu yadda ban taɓa ji ba. Na shimfiɗa gonaki, na ɗauki matajin kaina na ja musu kunyoyi siri-siri tun daga kan tudu har bakin ruwa, miƙe sambal. Na tayar da ganuwa da ƙofofinta biyu. Na ƙera wani ɗan rumbu kamar kan babban yatsa, na yi masa jinka da ciyawa, na dasa shi a fadama kusa da kogi saboda a nan ya fi kyan gani. Abokina ya zagaya teburin sau biyu, ya cire gilashi ya goge ya mayar, ya ce ko mutanen cikin wayar albarka. Bakina har kunne. Na kafa 'yan sanduna a gefe don kada buhu ya taɓa aikin, na jiƙa shi na lulluɓe.

Kwanakin nan biyar marka aka yi ta yi, ɗakin ya yi ɗumi da laima. Safe da yamma ina yayyafi kamar mai ban ruwan tumatir. Ranar Laraba abokina ya ce shi fa yana jin wani ƙamshi-ƙamshi kamar na gona, mu ɗan ɗaga mu leƙa. Na daka masa tsawa na ce Gwaggo ta ce kwana biyar, wanda ya taɓa buhun nan ni da shi ne. Har na ƙudura cewa a gaban Baba zan yaye shi, yadda manya suke yaye ƙyalle in za a buɗe sabon gini. Da na bar shi ya leƙa ɗin nan, da na tsige komai tun ranar, kuma da ban san yadda labarin zai ƙare ba.

Juma'a ta zo. Muka sauko daga masallaci, muka share ɗaki, muka shimfiɗa sabuwar tabarma. Sauran abokan wasan biyu da suka ji Baba zai zo sai kowa ya tuna yana da uzuri, suka bar mu mu biyu. Can sai ga sallama. Baba ya shigo da babbar rigarsa ta Juma'a, riƙe da sabuwar igiyar da ya sayo a kasuwa. Abokina ya zube har ƙasa ya kwashi gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya tambayi hanya, har na ji kamar ya yi yawa. Baba ya amsa duka, amma idonsa na kan buhu.

Ya ce, "Shi ne wannan?"

Na ce, "Shi ne, Baba." Na kama bakin buhu, na yi bismilla, na fizge.

Tirƙashi. Ƙofar nan gaba ɗaya ta zama kore. Gero ya tsira ko'ina, cunkus, tsawon ɗan yatsa, ɗanye shar da ɗan fari-fari saboda rashin rana. Ya fito a gonaki, ya fito a kan hanya, ya fasa ganuwa ya fito ta jikinta, ya toshe ƙofar gari ɗaya ruf. Har ɗan rumbun nan wani tsiro ya ɗaga shi ya karkace. Na tsaya da buhu a hannu yana ɗiga a ƙafata, bakina a buɗe. Na ji abokina a bayana yana wani irin tari, ashe dariya yake haɗiyewa. Ni kam ba dariya a raina. Na ce shi ke nan, aikin wata uku ya lalace, kuma ga shi zan koma Utai da jakata a ka, duk gari su ji an kore ni daga boko a kan caca.

Baba ya ajiye igiya. Ya matso a hankali, ya naɗe hannun rigarsa a kafaɗa, ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da bakin ƙofar. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa yatsa ya shafa kan tsiron nan a hankali, yadda na sha ganin yana yi a gona kwana biyar bayan shuka.

Ya ce, "Irin gidanmu ne wannan. Daga ina ka samo?"

Na ce, "A gindin turmi na ɗebi ƙaiƙayi, Baba. Ban san da tsaba a ciki ba."

Ya girgiza kai. "Ka ga fitar da ya yi kuwa? Ko ɗaya bai ƙi ba." Sai kuma ya ɗaure fuska, ya nuna gonakin. "Wane ne ya yi wannan huɗar?"

Na ce ni ne.

"Kai ne? Kunyoyi daga tudu su miƙe zuwa kogi? Ruwan farko zai kwashe ƙasar da takin da irin ya kai wa kifi. A gonar wa ka taɓa ganin an yi haka? A kwance ake yi, a tare wa ruwa hanya." Ya juya ga ɗan rumbuna. "Wannan kuma wane marar hankali ne ya kafa rumbu a fadama? So yake ya ci ruɓaɓɓen hatsi?"

Faɗa yake yi mini, amma wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba, domin na lura ya daina cewa "abin nan". Gona yake cewa, fadama yake cewa, kamar muna tsaye a bayan gari. Ya bi kogin da yatsa har gada, ya ce ai nan ne inda ake tsallakowa da shanu ranar kasuwa. Ya tambayi da me na yi ruwan, na ce ƙaro da bula, ya ɗan yi murmushi ya ɓoye. Sai idonsa ya faɗa kan ƙwayar ludo a gefen tabarma.

Ya ɗauke ta ya juya a tafin hannu. Ya ce, "To wannan fa, mene ne aikinta?"

Abokina ya yi ƙarfin hali ya matso. Ya jera murafe ja da kore, ya yi bayani tiryan-tiryan: ga kore masu tsaron gari, ga ja masu kawo hari, kowa yana tafiya taki uku, in an haɗu ƙwaya ce take faɗin wanda ya yi nasara, kuma ba a sa komai, ba a cin komai, sai dai wanda aka ci ya sha tsiya har mako ya zagayo. Baba ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Wato kun sha wahala kun gina tudu da kwari da fadama, sannan kuka bar wa wannan 'yar abar hukunci? Ku mayar wa masu ita." Ya cilla ta a aljihun abokina. "Ƙasa ita za ta yi hukunci. Wanda yake kan tudu ya fi wanda yake kwari. Tunda gero ya fito, damina ce, saboda haka fadama taɓo ce, wanda ya shiga taki ɗaya zai riƙa yi. Wanda kuma ya shiga cikin gero ba a ganinsa sai an zo dab da shi. Kawo koren nan in gani."

Ni dai na zuba ido, ban yarda da abin da nake gani ba. Baba ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya gyara zama. Abokina kuwa, wanda tun da muka fara wasan ba wanda ya taɓa cin sa, ya ɗauki ja yana ƙifta mini ido, wai zai bi tsoho a hankali. Baba ya tura murafensa cikin gero ɗaya bayan ɗaya har suka ɓace, ya bar gada wayam ba kowa. Abokina ya kalli gadar, ya ce shi ba yaro ba ne, wannan tarko ne. Ya kwashi rundunarsa ya zagaya ta ƙasa ya faɗa fadama. Yana shiga ya maƙale, taki ɗaya, taki ɗaya. Baba ya bar shi sai da ya kai tsakiya, sannan ya fara zaro murafe daga cikin gero ta sama, yana ɗauke jajayen nan ɗai-ɗai yana tarawa a cikin hularsa.

Ya ce, "Yaro, da ka bi gadar ai da ka wuce. Ba kowa a wurin. Wa ya ce maka ana shiga fadama da marka?"

Na yi tsalle har kaina ya kusa taɓa silin, na manta a gaban wa nake. Abokina ya rantse sai an sake. Aka sake, aka kuma cinye shi, wannan karon ta bayan ganuwa. Baba yana dariya har ana ganin giɓinsa, abin da rabona da gani tun ina firamare. Kiran sallar la'asar ne ya tashe mu, kuma da don ta abokina ne da an yi na uku.

Da muka idar da salla Baba ya dawo ɗakin, ya karɓi tsinken tsire a hannuna, ya tsuguna ya fara rage geron. Ya tsige na kan hanya da na jikin ganuwa, na gona kuma ya bar uku-uku, ya ce in sun yi yawa junansu za su kashe. Ya ɗauke ɗan rumbun da yatsa biyu ya mayar da shi kan tudu. Ya ce kullum da safe mu kama ƙofar mu fitar da ita ta sha rana. Ya sa hularsa ya nufi waje, ni kuma na bi shi da igiyar da ya manta, ga shi har lokacin bai ce komai a kan maganar da ta kawo shi ba.

A bakin titi na daure na ce, "Baba, kayan nawa fa? In haɗo?"

Ya kalle ni sama da ƙasa. Ya ce, "In ka taho wa zai yi mini ban ruwa? Ka zauna ka yi karatunka. Ka gyara huɗar nan. Juma'a mai zuwa zan dawo in ga gonata."

Gonata ya ce. Na koma ɗaki da gudu, na rungume abokina muka yi ta tsalle har mai gida ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Geron bai yi nisa ba, bayan mako biyu ya bushe, tunda yumɓun bai kai kaurin tafin hannu ba. Amma Baba bai fasa zuwa ba. Kusan kowace Juma'a har na gama jami'a sai ya biyo, wani lokaci da 'yar jar ƙasa a ƙulle a leda, wani lokaci da saiwar da ya ce ta yi kama da kuka. Gwaggo kuwa da ta ji labari ta ce daga ranar sunana mai noma a kan ƙofa, kuma har yau ba ta daina ba.

Yanzu sana'ata ke nan, ina ƙera ƙananan samfurin gidaje da unguwanni ga masu gini, kuma har yau muna wasanmu ba tare da ƙwaya ba. Idon Baba ya yi rauni, amma duk aikin da na gama sai na kai masa Utai ya shafa da hannu, kuma abin da yatsunsa suke fara nema shi ne inda ruwa zai bi. Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, wata uku na yi ina ɓoye wa mahaifina abin da na fi so, don na yanke masa hukunci tun bai gani ba cewa ba zai gane ba. Na yi ta neman ilimin ƙasa a cikin waya, alhali wanda ya fi kowa saninta yana zaune a zaurenmu. Tun daga ranar, in na fara wani abu da nake ƙauna, mutanen gidanmu nake fara nuna wa, tun yana ɗanye.